Veit Brecher Wittrock

Veit Brecher Wittrock (an haife shi a ranar 5 ga watan Mayu, 1839, ya mutu a ranar 1 ga watan Satumba, 1914) masanin ilimin tsirrai ne ɗan ƙasar Suwidin. Ya fara yin suna ne ta hanyar binciken gansakuka ta ruwan daɗi, sannan ya shugabanci Lambun Tsirrai na Bergius da ke birnin Stockholm na tsawon shekara 35. A yau an fi tunawa da shi saboda binciken da ya yi a kan tsirran dangin Viola, musamman asalin furen fansi da ake shukawa a lambuna domin ado. Sunan kimiyya na wannan fure, wato Viola × wittrockiana, daga sunansa aka samo shi. A littattafan ilimin tsirrai ana taƙaita sunansa da Wittr. a bayan sunan duk tsiron da shi ya fara bayyana shi.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Wittrock a gundumar Holm da ke yankin Dalsland, a yammacin Suwidin. Ya shiga Jami'ar Uppsala a shekarar 1857. Ita ce jami'ar da Carl Linnaeus, wanda ya kafa tsarin ba wa halittu suna mai kalma biyu, ya koyar a cikinta a ƙarni na 18. Wittrock ya samu digirin digirgir a 1866, kuma kundinsa a kan wani dangin koriyar gansakuka ne mai suna Monostroma. Ya yi shekaru yana koyarwa a makaranta a garin Uppsala tare da ci gaba da bincike a jami'ar, har ya kai matsayin farfesa a 1878.

Binciken gansakuka

Kusan duk aikinsa na farko a kan gansakuka ne, wato korayen halittun nan da ke yaɗuwa a saman tafkuna da kududdufai, waɗanda ba a iya bambance jinsunansu sai da madubin ƙara girma. A 1874 ya wallafa nazari a kan zuriyar Oedogoniaceae, sannan a 1877 ya bayyana wani sabon dangi da ya raɗa wa suna Pithophora.

A wannan shekarar ta 1877 ne shi da abokin aikinsa Otto Nordstedt na garin Lund suka fara fitar da jerin busassun samfuran gansakuka mai suna Algae aquae dulcis exsiccatae. Ana busar da samfurin, a liƙa shi a takarda tare da sunansa da wurin da aka samo shi, sannan a aika kwafi iri ɗaya zuwa cibiyoyin bincike na ƙasashe daban-daban. Hakan ya sa masanin da ke Jamus da wanda ke Amurka za su iya duba abu guda idan suna gardama a kan suna. An ci gaba da fitar da jerin har zuwa 1903.

Lambun Bergius

A 1879 aka naɗa Wittrock farfesan Gidauniyar Bergius kuma shugaban lambunta, ya gaji Nils Johan Andersson. Lambun gado ne da 'yan'uwa biyu, Bengt da Peter Jonas Bergius, suka bar wa Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin, wadda ta karɓe shi a 1791. A lokaci guda kuma Wittrock ya riƙe sashen tsirrai na gidan adana kayan tarihin halittu na ƙasa, daga 1879 zuwa 1904.

Lokacin da ya karɓi lambun, birnin Stockholm yana faɗaɗa, gine-gine sun matso tsohon filin. A 1885 ya jagoranci mayar da lambun zuwa Frescati, a gaɓar ruwan Brunnsviken, inda yake har yanzu. Shi ya tsara sabon wurin yadda zai yi amfani ga bincike da koyarwa. A zamaninsa, a shekarar 1900, aka buɗe ɗakin gilashi na Victoria domin renon ƙaton badon nan na Kudancin Amurka. Shi ne kuma ya kafa mujallar lambun mai suna Acta Horti Bergiani, wadda a cikinta yawancin ayyukansa na baya suka fito.

Dangin Viola da matsalar furen fansi

Viola dangi ne babba mai jinsuna sama da 500. Yawancinsu suna tsirowa a yankuna masu sanyi na arewacin duniya, wasu kuma a kan manyan duwatsu na wurare masu zafi, kamar tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, ko Viola abyssinica da ake samu a tsaunukan Habasha, gabashin Afirka da Kamaru. Furen kowane jinsi yana da ganye biyar. A waɗanda ake kira bayolet, biyu na kallon sama, uku na kallon ƙasa. A waɗanda ake kira fansi kuwa, huɗu ne ke karkata sama, ɗaya mai faɗi yana ƙasa. Masana suna sanya fansi na daji a wani reshe na dangin mai suna Melanium.

Kalmar fansi ta samo asali ne daga kalmar Faransanci pensée, ma'ana tunani, kuma da ita ake kiran furen lambu a harshen Suwidin. Na daji kuwa, wanda Linnaeus ya raɗa wa suna Viola tricolor a 1753 saboda launukansa uku, mutanen Suwidin suna kiran sa styvmorsviol, wato furen kishiyar uwa. Jamusawa ma suna da suna mai irin wannan ma'ana.

Fansin lambu sabon abu ne a tarihi. An fara samar da shi a Ingila a farkon ƙarni na 19, a lambun Lady Mary Elizabeth Bennet da ke Walton-on-Thames, da kuma lambun Lord Gambier da ke Iver, inda mai kula da lambunsa William Thompson ya riƙa zaɓen iri yana haɗa barbara tsakanin fansi na daji. Kafin shekarar 1835 ana sayar da iri kusan 400, kowanne da sunansa. Sai dai masu lambu ba su cika rubuta wane tsiro suka haɗa da wane ba, kuma ƙudan zuma suna kai garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan ba tare da sanin kowa ba. Bayan 'yan shekaru sai aka rasa gane iyayen furen. Charles Darwin ya gwada warware matsalar a littafinsa na 1868 a kan sauye-sauyen dabbobi da tsirran gida, amma bayan ya kwatanta iri da yawa sai ya haƙura, ya nuna cewa aiki ne na ƙwararren masanin tsirrai.

Binciken Viola-studier

Wannan aiki ne Wittrock ya ɗauka a shekarun 1890. Ya bi hanya biyu. Ta farko ita ce shuka: ya tara Viola tricolor da makusantanta daga wurare daban-daban, ya shuka su a lambun Bergius, yana lura da siffofin da ke dawwama daga iri zuwa iri da waɗanda ke sauyawa saboda ƙasa ko yanayi. Ta biyu ita ce tarihi: ya bi tsofaffin littattafan tsirrai da mujallun masu lambu da zane-zanen furanni, domin ya gano lokacin da kowace siffa ta fara bayyana.

Sakamakon ya fito a mujallar Acta Horti Bergiani cikin kashi biyu masu taken Viola-studier, da harshen Suwidin, tare da hotuna masu launi. Kashi na biyu, wanda ya shafi tarihin fansin lambu, shi ya riga fitowa. Kashi na farko, a kan Viola tricolor da makusantanta, ya biyo baya a 1897. Wittrock ya nuna cewa fansin lambu ba Viola tricolor ce kawai da aka inganta ba, ruwa-biyu ne da ya fito daga barbarar jinsuna fiye da ɗaya. Jinsunan da aka fi ambata a matsayin iyayensa su ne Viola tricolor, da Viola lutea ta tuddan Turai, da Viola altaica ta yankin tsaunukan Altai a Asiya. Wani jinsin, Viola cornuta ta tsaunukan Pyrenees, shi ma ya shiga cikin wasu irin na lambu masu ƙananan furanni.

A ɓangaren fansi na daji, Wittrock ya rarraba Viola tricolor zuwa ƙananan rukunoni masu yawa, kowanne da sunansa.

Sauran ayyuka

Ya yi irin wannan nazari a kan Linnaea borealis, ƙaramin tsiron dajin arewa da aka raɗa wa sunan Linnaeus. A 1907, shekarar da aka cika shekara 200 da haihuwar Linnaeus, ya wallafa bayanin siffofi fiye da 100 na wannan tsiro guda, yana bambance su musamman da launi da ƙirar fure. Ya kuma tara hotunan masana ilimin tsirrai na duniya masu ɗimbin yawa, ya fitar da kundin bayaninsu a 1903 da 1905.

Mutuwa da abin da ya bari

Wittrock ya mutu a Stockholm a ranar 1 ga watan Satumba, 1914, yana da shekara 75, yana kan muƙaminsa na shugaban lambun. Robert Fries ne ya gaje shi a 1915.

Masanan da suka zo bayansa ba su karɓi yawancin ƙananan rukunonin da ya raɗa wa suna ba. Suna ganin bambancin launi ko girman fure a cikin jinsi guda bai kai a ba kowanne sunan kimiyya ba. Amma bayaninsa cewa fansin lambu ruwa-biyu ne ya tabbata, kuma har yanzu ana komawa ga aikinsa idan ana maganar tarihin furen. A shekarun 1920 masanin tsirrai Helmut Gams ya yi amfani da sunan Viola wittrockiana domin girmama shi. Alamar × da ake sakawa a tsakiyar sunan tana nuna cewa tsiron ya fito ne daga barbarar jinsuna daban-daban.

Akwai kuma dangogi biyu da ke ɗauke da sunansa: Wittrockia, tsirran ƙasar Brazil 'yan zuriyar abarba, waɗanda Carl Lindman ya raɗa wa suna a 1891, da Wittrockiella, wata koriyar gansakuka da masanin ƙasar Norway Nordal Wille ya bayyana a 1909.