Basawanna: Ma'ajin Sarkin Da Ya Tsinke Zaren Gado

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya kalli fim ɗin Indiya, ya ga yadda 'yan Hindu suke ibada. Ana kaɗa ƙararrawa, ana kewaya fitila gaban gunki, ana zuba furanni, ga jan ɗigo a goshi, ga jama'a suna wanka a kogin Ganga. Mai kallo zai ɗauka iyakar addininsu ke nan. Amma tun shekaru aru-aru, a cikinsu an sami mutanen da suka tsaya suna tambaya, shin mene ne amfanin dukan waɗannan in zuciya tana wani wuri dabam? Yau mun kawo wa masu karatu tarihin ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Basawanna.

An haife shi a farkon ƙarni na 12 a garin Bagewadi, cikin ƙasar da yau ake kira jihar Karnataka a kudancin Indiya. Sunan mahaifinsa Madarasa, mahaifiyarsa kuwa Madalambike. Gidansu na Birahmin ne, wato ajin da ke kan gaba a tsarin Hindu, masu riƙe da littattafai da hidimar haikali. A wannan tsari mutum yakan gāji matsayinsa ne daga haihuwa. Can ƙasa kuma akwai dukawa da masu shara da makamantansu, waɗanda ba a yarda su taka haikali ba, ko taɓa su ma ana ɗauka ƙazanta ce.

Idan ɗan Birahmin ya kai wajen shekara 8, akan yi masa biki a rataya masa zare mai tsarki daga kafaɗar hagu, shaidar ya shiga sahun manya. Marubutan da suka adana labarin Basawanna sun bi hanya biyu. Somanatha ya ce yaron ya ƙi zaren tun ranar bikin, Harihara kuwa ya ce sai da ya kai shekara 16 ya tsinke shi ya yar. Dukansu dai sun haɗu a kan cewa ya rabu da zaren, ya bar gida. A ganinsa, zaren da ake ba ɗa namiji na gida guda a hana mace da talaka, ba abin da yake nunawa sai gidan da aka haifi mutum.

Daga nan ya tafi Kudalasangama, mahaɗar kogin Kirishna da kogin Malaprabha, inda akwai haikalin Shiwa, ɗaya daga cikin manyan allolin Hindu. Ya daɗe can yana karatu da ibada. Bayan haka ya shiga aikin sarki Bijjala a matsayin mai lissafi, ya auri Gangambike 'yar kawunsa Baladewa, wanda babba ne a fada. Saboda amanarsa aka ɗaga shi har ya zama ma'ajin sarki a birnin Kalyana.

A zamanin nan haikali ba ƙaramin abu ba ne. Sarakuna da attajirai sukan ba shi gonaki da zinariya, ana kuwa auna ibadar mutum da girman ginin da ya yi ko yawan kyautar da ya bayar. Basawanna yana zaune kan dukiyar sarki, ya san inda kuɗin suke fitowa da inda suke shiga. Sai ya koyar cewa wanda ba shi da ko anini bai rasa kome ba, domin jikinsa ya isa wurin sujada.

Kada mai karatu ya ɗauka ya soke alamu gaba ɗaya. Ya ba kowane mabiyinsa wani ɗan dutse ƙarami, alamar Shiwa, ana kiransa ishtalinga. Akan sa shi cikin ɗan kumbo ko ƙyalle a rataya a wuya, dare da rana. Lokacin ibada mutum zai ɗora shi a tafin hannunsa na hagu, ya tattara hankalinsa a kai, ba mai tsaya masa tsakani. Namiji da mace, Birahmin da baduku, dutse iri ɗaya suke ratayawa. Wato ya ɗauke alamar da ke raba mutane, ya sa wadda kowa zai iya ɗauka. Daga sunan dutsen nan ne ake kiran jama'arsa Lingayat.

Duk da haka bai bar su su dogara ga dutsen ba. Ya yi ta faɗakarwa cewa mai rataye da shi, in yana ƙarya ko sata ko raina maƙwabcinsa, dutse kawai yake ɗauke da shi. Ya ƙi yanka dabbobi don hadaya, ya ƙi duban taurari don zaɓen rana, ya ƙi cewa wanka a wani kogi zai wanke mugun hali. To, da me za a gane niyyar da ido ba ya gani? Ya kafa ma'auni biyu. Na fari shi ne kayaka, wato kowa ya ci guminsa, ya riƙe sana'arsa da gaskiya a matsayin ibada. Na biyu dasoha, wato abin da ya ragu bayan biyan bukata a ciyar da jama'a da shi. Mu Hausawa mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi kuwa cewa ya yi a tambayi mudun mutum a kasuwa da ƙwaryar da yake miƙa wa baƙo.

Koyarwar tasa ba da Sanskirit ya yi ta ba, harshen malamai, sai da Kannada, harshen da manomi da mai tallan nono suke ji. Gajerun zantuka ne da ake kira wacana, yakan rufe kowanne da sunan ubangijinsa na mahaɗar koguna. Ya kuma buɗe wani zaure a Kalyana mai suna Anubhawa Mantapa, inda ake tattauna al'amuran ibada a ƙarƙashin jagorancin Allama Prabhu. A zauren nan Macidewa mai wanki da Cawdayya mai fito da Akka Mahadewi, mace, suna da bakin magana daidai da ma'ajin sarki.

Muddin abin yana zaure, manyan gari sun yi ta gunaguni kawai. Wuta ta tashi ne ranar da aka kai shi ga aure. Labarin da mabiyansa suka riƙe ya nuna cewa Maduwarasa, wanda asalinsa Birahmin ne, ya ba da 'yarsa ga ɗan Haralayya baduku. A wurinsu ba laifi, tun da dukansu dutse ɗaya suke ratayawa. Mu da muka san yadda ake jan ƙafa a garuruwanmu idan ɗan mahauci ko ɗan wanzami ya nemi 'yar gidan sarauta, za mu gane nauyin abin, ga shi kuwa a can doka ce ta addini aka taka. Aka kai ƙara fada. Sarki ya sa aka ƙwaƙule idanun iyayen biyu, aka ɗaure su aka ja su a ƙasa har suka mutu.

Gari ya rikice. Waɗansu mabiya masu zafin kai suka zaɓi ramuwa, abin da ya saɓa wa koyarwar malaminsu, wanda ya hana kisa. Aka kashe Bijjala wajen shekara ta 1167, sojoji suka bi 'yan Lingayat, suka watse cikin ƙasa ɗauke da rubuce-rubucensu. Basawanna ya riga ya bar Kalyana ya koma Kudalasangama, can kuma ya rasu ba da daɗewa ba. Har yau ana ziyartar makwancinsa, wanda aka kewaye da katanga mai zurfi kamar rijiya domin ruwan dam ya mamaye wurin.

Jama'arsa ba su ƙare ba. Yau miliyoyi ne a Karnataka da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, suna binne matattunsu maimakon ƙonawa kamar yawancin 'yan Hindu. A ƙarni na 20 wani lauya, F. G. Halakatti, ya bi gida gida yana tattara wacana da aka rubuta a ganyen giginya, ya buga su. A 1973 A. K. Ramanujan ya fassara waɗansu zuwa Turanci. An sauya sunan Kalyana zuwa Basawakalyan, an kuma kafa mutum-mutuminsa a bakin kogin Tems a Landan a 2015. A 2018 gwamnatin Karnataka ta nemi a ɗauki Lingayat addini ne mai zaman kansa, gwamnatin tarayyar Indiya ba ta yarda ba.

Sai dai akwai abin dubawa. Da tafiya ta yi nisa, dutsen da aka kawo don ya rushe gado shi ma ya zama abin gado, ana ɗaura wa jariri tun yana cikin tsumma. Jama'ar suka rarrabu gida gida bisa sana'ar kakanni, har waɗansu ba sa aurar da 'ya'yansu ga waɗansu. Mutumin da ya ce jiki ya isa haikali, ga shi an gina masa manyan mutum-mutumai ana rataya musu furanni.

Wannan ba abin yi wa Indiyawa dariya ba ne, 'yan'uwa, halin ɗan Adam ne ko'ina. Ba mai ibadar da zai rayu ba tare da wata alama ba, amma alama tana da saurin zama riga, a sa ta da safe a manta dalilinta kafin rana ta take. Maduwarasa da Haralayya sun ɗauki abin da ke wuyansu da gaske, suka biya da ransu. Allah ya sa abin da muke nunawa a fili ya yi daidai da abin da ke zuciyarmu.