15 ga Janairu: Ranar Nasir da madatsar Aswan

Ran 15 ga watan Janairu 1918 aka haifi Jamal Abdul Nasir a birnin Iskandariyya, ƙasar Masar. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne. Ya shiga soja, kuma a 1952 shi da ƴan'uwansa hafsoshi suka tumɓuke Sarki Faruk.

Babban gurinsa shi ne datse kogin Nil a Aswan, domin talakawa su sami ruwan noma da wutar lantarki. Sa'ad da Amurka da Ingila suka fasa ba da kuɗin aikin a 1956, sai ya maida mashigin Suez hannun gwamnati. Ingila da Faransa da Isra'ila suka ɗaura masa yaƙi, amma tilas suka janye. Tarayyar Sobiyet ta kama masa, aka soma gini a 1960. Tafkin madatsar ya cinye garuruwan Nubiyawa, aka tada dubbansu.

Allah bai nufe shi da ganin bukin ba, don ciwon zuciya ya ɗauke shi ran 28 ga Satumba 1970. Ran 15 ga Janairu 1971, ranar haihuwarsa, magajinsa Anwar Sadat ya buɗe madatsar.