George Hurst: Bakaniken da ya yi suna da sandar giya, ya rasa kamfanin da ke ɗauke da sunansa

Ranar 13 ga Mayu, 1986, aka tsinci gawar George Hurst a garejin gidansa da ke Redlands, jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan ya shaƙi hayaƙin mota. Yana da shekara 59. A lokacin sunansa na nan zane a jikin sandar giyar dubban motoci, amma shi ba shi da ta cewa a kamfanin da ke ƙera ta.

An haifi Hurst a 1927. Bai yi nisa a karatu ba, ya shiga rundunar sojan ruwa yana matashi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya bar soja sai ya buɗe gareji a kusa da Philadelphia, inda ya haɗu da wani injiniya, Bill Campbell. A 1958 suka kafa kamfani, suka fara da ƙera ƙarafan da ake ɗora inji a kansu.

Abin da ya ɗaga su matsala ce da duk mai son gudu ya sani a wancan zamani. Yawancin motocin Amurka masu giyar hannu giya uku gare su, sandar kuma a jikin sitiyari take, haɗe da gidan giya ta wasu dogayen ƙarafa masu lilo. Ga mai tafiya kasuwa wannan ba damuwa ba ce. Amma a tseren da ake gamawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, direba ya taka kulochi ya nemi giya ta biyu ya rasa, an wuce shi ke nan, wani lokaci har inji ya tafi. Hurst ya sauko da sandar ƙasa kusa da hannun direba, ya yi ta da ƙarfe mai tauri, ya rage tazarar da hannu ke tafiya tsakanin giya da giya.

Sa'arsa ta zo daidai da zamanin motoci masu matsakaicin jiki da ƙaton inji. Da Pontiac ta fito da GTO a 1964, mai saye na da zaɓi: giyar hannu mai uku, ko mai huɗu ta Muncie, ko otomatik. Duk wanda ya zaɓi ta hannu, sandar Hurst ya riƙe. Kowane kamfani na da gidan giyarsa mai huɗu, Ford na da Toploader, Chrysler na da A833, General Motors na da Muncie, ciki har da M22 da ta shahara da ƙugi. Sai dai matasa sun riƙa cire sandar da ta zo da motar suna saka ta Hurst, har kamfanonin suka ga gara su saye daga wurinsa. Sandar Chrysler ta 1970, mai kama da mariƙin bindiga, aikin kamfaninsa ce.

Abin dariya, motar da ta fi ɗaukar sunansa, Hurst/Olds ta 1968, otomatik ce. An ƙera guda 515 da inji mai girman da General Motors ta hana a saka wa irin wannan mota, aka kauce wa dokar da hujjar cewa aikin Hurst ne.

A shekarar ce kamfanin ya fara sayar da hannun jari ga jama'a. A 1970 Sunbeam, mai ƙera kayan girki na lantarki, ta saye shi, kuma ba a jima ba Hurst ya tsinci kansa a waje. Sunan ya zauna a hannun masu kuɗi. Kasuwar ma ta kusa mutuwa: kuɗin inshora ya yi tsada, dokar tsaftace iska ta 1970 ta rage wa injuna ƙarfi, rikicin man fetur na 1973 ya ƙarasa sauran.

Akwai aikinsa guda da bai bi wannan kasuwa ba. Hurst ya taɓa ganin ma'aikatan ceto sun kwashe fiye da awa ɗaya suna fama kafin su zaro direban tsere daga motar da ta murƙushe. Daga nan ya fara tunanin na'urar da ke buɗe ƙarfe da ƙarfin matsin mai, ba tare da tartsatsin zarto a kusa da fetur ba. Na'urar, wadda aka fi sani da Jaws of Life, ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1970, a daidai lokacin da kamfanin ke fita daga hannunsa. Har yau 'yan kwana-kwana a ƙasashe da dama da ita suke ciro mutane daga motocin da suka yi hatsari.