Lord Shaftesbury: Mutumin da Ya Sa wa Masu Dukiya Linzami

'Yan'uwa, duk mai tambayar ko dokar gwamnati na iya gyara halin 'yan jari-hujja, ina ba shi shawara ya dubi tarihin Lord Shaftesbury.

An haife shi a Landan a 1801, a gidan sarauta, sunansa na asali Anthony Ashley-Cooper. Ya shiga majalisar dokokin Ingila a 1826, zamanin da ƙananan yara ke wuni cur a masaƙun auduga da ramukan haƙar kwal, domin ladansu ya fi na manya araha. Kirista ne mai riƙo da addininsa, ya ɗauki ceton waɗannan yara a matsayin nauyin da Allah ya ɗora masa.

Ya tsaya kai da fata har aka yi dokar 1842, wadda ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara goma aiki a ƙarƙashin ƙasa. Dokar 1847, wadda ya daɗe yana fafutuka a kanta, ta ƙayyade wa mata da matasa aikin awa goma a masaƙu. Sai masu masaƙun suka ɓullo da dabarar karɓa-karɓa, suna riƙe ma'aikata tun safe har dare, alhali a takarda ba su wuce ƙa'ida ba.

Haka aka yi da yaran da ake cusawa cikin bututun hayaƙi su share shi. An hana a 1840, aka ƙara tsananta dokar a 1864, amma ba a fasa ba. Sai da wani yaro ya mutu a bakin wannan aiki a 1875, sannan Shaftesbury ya samu aka wajabta wa masu sana'ar karɓar lasisi daga 'yan sanda. Daga nan ne al'adar ta kau.

Ya rasu a 1885, talakawan Landan suka yi dafifi a titi don yi masa rakiya.

Abin da na fahimta shi ne, doka ba ta cire kwaɗayi daga zuciya, hali zanen dutse ne. Amma tana ɗaure hannun mai kwaɗayin, muddin akwai mai sa ido. Mu da ke neman abinci a ƙasashen mutane, wannan ɗaurin ne ke kare guminmu. Wanda kuma Allah ya ɗaukaka a cikinmu har ya ɗauki ma'aikata, kada ya jira sufeto kafin ya yi adalci.