Harry Brearley, Mai Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

Mutanen Gaya ba baƙin ƙarfe ba ne. Labarin kaka da kakanni ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga Gaya zuwa dutsen Dala neman tama. Saboda haka ya dace ɗalibanmu su san mutumin da ya sa cokali da wuƙa suka daina tsatsa.

An haifi Harry Brearley a garin Shefil na ƙasar Ingila a shekarar 1871. Mahaifinsa talaka ne, mai narka ƙarfe. Yana ɗan shekara 12 ya bar makaranta ya kama aikin ƙarfi, daga baya aka sa shi wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin Thomas Firth. Da rana aiki, da dare karatu, har a 1908 ya zama shugaban ɗakin bincike na Brown Firth.

A 1912 aka ba shi aikin gano abin da zai hana cikin bututun bindiga zaizayewa. Ranar 13 ga Agusta, 1913, ya narka ƙarfe mai sinadarin kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari. Da ya gwada shi da asid, sai ya ga bai ci shi ba. Nan take ya gane amfaninsa wajen yin wuƙaƙe.

Sai dai maƙeran Shefil sun ƙi shi da farko, domin yana da wuyar ƙira, yana kuma dakusar musu da kayan aiki. Ernest Stuart na kamfanin Mosley ne ya gano yadda za a taurara shi, aka fitar da wuƙaƙe masu kyau a 1914. Saɓani a kan haƙƙin wannan ƙirƙira ya sa Brearley ya bar Firth a 1915, ya koma Brown Bayley. A 1920 aka ba shi lambar zinariya ta Bessemer.

Magajinsa, W. H. Hatfield, ya samar da nau'in da ake kira 18/8 a 1924, wanda ake yin cokula da tukwane da shi. Har yau wannan nau'in yana wahalar da masu injin sassaƙa ƙarfe. Yana ƙara tauri yayin da ake yankansa, ba ya saurin fitar da zafi, sai zafin ya taru a bakin abin yanka ya cinye kaifinsa. Sassaƙensa kuma dogaye ne, suna nannaɗewa. Maganinsa shi ne kaifi mai kyau, rage gudun inji, da yawan ruwan sanyaya.

Brearley bai manta da talaucin da ya taso a ciki ba. A 1941 ya kafa gidauniyar Freshgate domin taimakon marasa galihu. Ya rasu a 1948. Ɗalibin da ke ganin rashi zai hana shi ci gaba, ya tuna da yaron nan mai wanke kwalabe.