Jomo Kenyatta: Ɗalibin da ya rubuta littafi kan ƙwacen filaye, ya kuma bar matsalar a bayansa

A shekarar 1929 wani ɗan ƙabilar Kikuyu ya sauka a Landan ɗauke da koken jama'arsa kan filayen noma da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka ƙwace a tuddan Kenya. Gwamnatin Birtaniya ba ta mayar wa kowa gonarsa ba. Mutumin shi ne Jomo Kenyatta, wanda aka haifa da sunan Kamau a yankin Kiambu cikin shekarun 1890. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Thogoto, ya yi aikin duba mitar ruwa a Nairobi, sannan ya zama sakataren ƙungiyar Kikuyu ta KCA kuma editan jaridarta, Muigwithania.

Da koke ya gaza, sai ya nemi wani makamin. Bayan zaman karatu a Mosko, a tsakiyar shekarun 1930 ya shiga Makarantar Tattalin Arziki ta Landan domin nazarin ɗan'adam da al'adunsa a hannun Bronislaw Malinowski, malamin da ya yi suna da zaman da ya yi cikin mutanen tsibiran Trobriand. Malinowski yana koyar da cewa mai nazari ya zauna cikin al'umma, ya ji harshenta, ya gano aikin da kowace al'ada take yi wajen riƙe zamanta. A wancan zamani Bature ne ke nazari, Ba'afirke ne abin nazari, kuma jami'an mulkin mallaka na amfani da sakamakon wajen gudanar da talakawansu. Kenyatta ya zauna a ajin a matsayin ɗalibi, alhali shi ɗan al'ummar da ake nazarin ne.

Daga wannan karatu littafinsa Facing Mount Kenya ya fito a 1938, da gabatarwar Malinowski. Turawa sun daɗe suna kafa hujja da cewa filayen da suka tarar ba su da masu su. Kenyatta ya warware tsarin mallakar Kikuyu dalla-dalla: kowane fili yana da zuri'ar da ta mallake shi, da iyakokinsa, da ƙa'idojin gado da na aro. Ke nan abin da aka kira ƙasar da ba kowa, ƙasar mutane ce aka ƙwace. Sai dai littafin yana da nasa aibin. Ya zana al'ummar Kikuyu kamar wadda ba ta san saɓani ba kafin zuwan Bature, ya kuma kāre kaciyar mata a matsayin ginshiƙin al'ada.

Ya halarci taron haɗin kan Afirka na Manchester a 1945 tare da Kwame Nkrumah, ya koma gida a 1946. A Oktoban 1952 aka kama shi bisa zargin jagorantar Mau Mau, aka yanke masa ɗaurin shekara 7 a Kapenguria. Daga baya babban mai shaida, Rawson Macharia, ya amsa cewa shaidar zur ya bayar. An sake shi a 1961, ya zama firaminista a 1963, shugaban ƙasa a 1964.

A nan ne littafin ya zama ma'aunin da za a auna marubucinsa. Gwamnatinsa ta amince a sayi gonakin Turawa da bashin Birtaniya maimakon a mayar wa masu su kyauta, don haka mai kuɗi da mai uwa a gindin murhu suka fi samu. Da yawa daga mayaƙan Mau Mau sun fito daga daji da sansanonin tsarewa ba su da ko taƙin gona, yayin da iyalan shugaban suka shiga sahun manyan masu filaye a ƙasar. A 1969 ya haramta jam'iyyar adawa ta KPU, ya tsare jagoranta Oginga Odinga. A 1975 aka tsinci gawar ɗan majalisa J.M. Kariuki, mai sukar yadda aka raba filaye, a tuddan Ngong.

Kenyatta ya rasu a Mombasa ranar 22 ga Agusta, 1978. Rikicin filaye ya sake kunno kai a tarzomar zaɓen 2007, wadda ta ci rayuka sama da 1,000. A 2013 hukumar gaskiya da sulhu ta Kenya ta ambaci zamanin mulkinsa cikin tushen zaluncin rabon filaye, a shekarar da ɗansa Uhuru ya hau kujerar shugabancin ƙasa.