Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa: Malamin Salame da ya auna iyakar hankali da harshe

A shekarar 1853, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso daular Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Daga cikin mutanen da ya zauna da su akwai wani malami mai kimanin shekara hamsin, wanda ya zayyana masa tarihin sarakunan Askiya na Songhai da ka, ba tare da ya buɗe littafi ba. Da Barth ya zo rubuta labarin tafiyarsa, sai ya bayyana wannan malami a matsayin wanda ya fi kowa ilmi a cikin mutanen Sakkwato na wancan zamani. Malamin shi ne Shaihu Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa.

Abin da baƙon ya ɗiba daga gare shi tarihi ne, amma tarihi ɓangare ɗaya ne kawai na iliminsa. Ɗan Tafa ya nutsa cikin falsafa da sufanci nutso mai zurfi, ya kuma shafe rayuwarsa yana bin diddigin tambayar da har yau ba ta tsufa ba: ina hankalin ɗan Adam yake iya kai shi, kuma ina ne magana take gazawa?

Haihuwarsa da nasabarsa

An haifi Abdulƙadir a shekarar 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma shekarar da aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto. Mahaifinsa, Malam Mustafa ɗan Muhammadu, wanda ake taƙaita sunansa da Tafa, yana cikin Toronkawa, almajirin Shehu ne kuma ɗaya daga cikin magatakardansa. Mahaifiyarsa ita ce Nana Khadija 'yar Shehu, malama ce da kanta, wadda ta mayar da Muhtasar na Khalil zuwa Fulatanci domin masu karatun da Larabci ya yi musu nisa.

Ke nan yaron ya buɗe ido a gidan da alƙalami da tawada suke aiki dare da rana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kawunsa ne, Nana Asma'u kuma 'yar'uwar mahaifiyarsa ce. Yana da shekara 13 kakansa Shehu ya rasu a 1817. Daga baya mahaifinsa ya zauna a Salame, garin da ke cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato a yau, ya kafa makaranta. Wannan makaranta ce Ɗan Tafa ya gada, kuma da ita aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

Muhawarar da ya tarar

Domin a fahimci Ɗan Tafa, dole ne a waiwayi wata taƙaddama da ta riga shi zuwa duniya. A zamanin da Shehu yake yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, akwai wasu ɗalibai da suka ƙware a ilmin kalam, wato fannin kafa hujjojin tauhidi ta hanyar hankali. Waɗannan ɗalibai sun riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyi a kan dalilan samuwar Allah da siffofinSa, wanda ya kasa jero amsa yadda take a littafi sai su yanke masa hukuncin rashin imani. Shehu ya tsaya tsayin daka wajen yaƙar wannan ɗabi'a, ya yi rubuce-rubuce da dama yana nuna cewa imanin manomi da makiyayi ingantacce ne ko da ba su iya tsara hujja irin ta malaman kalam ba.

Duk da haka gidan Shehu bai yi watsi da fannonin hankali ba. Ana karanta mandiƙi, ana karanta littattafan tauhidi na Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, irin waɗanda har gobe ake bita a zaurukan malamai daga Sakkwato zuwa Potiskum. Ɗan Tafa ya gaji abubuwan nan biyu tare: girmama hujja, da kuma tsoron a mayar da hujja bulalar dukan bayin Allah.

Karatunsa

Ya fara karatu a gaban iyayensa, sannan ya zauna gaban wasu daga cikin manyan malaman jama'ar Shehu. Wanda ya fi yi masa tasiri shi ne kawunsa Muhammadu Sambo ɗan Shehu, mutumin da ya shahara da gudun duniya da zurfi a sufanci, wanda ya rasu a 1826. A hannunsa ya sami tarbiyyar ruhi, ta wannan ƙofa kuma ya shiga duniyar tunanin Muhyiddin Ibn Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, da Abdulkarim al-Jili mai littafin Al-Insan al-Kamil.

A wata ƙasida ta godiya ga Allah mai suna Shukr al-Wahib, Ɗan Tafa ya lissafa fannonin da ya karanta, ya kasa su rukuni-rukuni. Akwai ilmomin shari'a da na harshen Larabci. Akwai ilmomin magabata na farko, waɗanda Musulmi suka gada daga Girkawa suka faɗaɗa, irin su mandiƙi da lissafi da likitanci da ilmin taurari. Sannan akwai ilmomin sufaye, hawa-hawa, har zuwa matakin da ake samu ta hanyar buɗi daga Allah. Tsarin wannan jeri shi kansa darasi ne. Kowane ilmi yana da muhallinsa da ma'auninsa, kuma ba a auna hatsi da kamu, ba a auna yadi da mudu.

Rubuce-rubucensa

Yana ɗan shekara ashirin, wajen 1824, ya rubuta Raudat al-Afkar, taƙaitaccen tarihin ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, musamman Gobir, kafin jihadi da lokacinsa. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1916, kuma har yau masana tarihin Arewa suna komawa gare shi.

Bayan 'yan shekaru, tsakanin 1828 da 1829, ya rubuta Al-Futuhat al-Rabbaniyya. A cikinsa ya ɗauko ra'ayoyin masu ganin cewa babu komai sai abin da ake iya taɓawa, da masu jingina komai ga ɗabi'a, ya yi musu nazari na mai sukar da ya san abin da yake suka. Ya tattauna ƙarewar duniya, da samuwar ruhi, da yanayin falakai. A wani aikin mai suna Kulliyat al-Alam al-Sitta ya taɓo batutuwa irin su hayula, wato asalin abin da masana falsafa na dā suke cewa daga gare shi kowace sura take samuwa. Irin waɗannan rubuce-rubuce ne suka sa masana na baya-bayan nan, kamar John Hunwick da Ahmad Kani da Ousmane Kane da Oludamini Ogunnaike, suka mayar da hankali kansa, domin sun rushe zaton da aka daɗe ana yi cewa karatun malaman Afirka ta Yamma bai wuce fiƙihu da nahawu ba.

Harshe da abin da ya fi ƙarfinsa

Sufaye sun daɗe suna cewa akwai sanin da ba ya shiga baki, wanda suke kira zauƙi, wato ɗanɗano. Misalinsa kusa yake. Wanda bai taɓa cin goro ba, ko an kwana ana siffanta masa ɗacinsa da zaƙin da ke biyo baya idan an kurɓi ruwa, abin da zai samu labari ne. Ranar da ya ɓantara ya tauna, ranar ce zai sani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi ta wannan hanya bayan ya ƙure kalam da falsafa, ya kuma bayar da labarin tafiyar tasa a littafinsa Al-Munƙiz.

Abin lura game da Ɗan Tafa shi ne, sanin gazawar harshe bai sa ya yi sakaci da kalmomi ba. Ya tsara ƙasida a kan ma'anonin kalmomin da sufaye suke amfani da su, ya kuma rubuta sharhi mai warware wuraren da suka yi tsauri a littafin al-Jili. Hikimar hakan a fili take. Kalmomi irin su fana'i da baƙa'i da tajalli nuni suke yi zuwa ga wani hali da mai maganar ya ɗanɗana. Idan wanda bai ɗanɗana ba ya ɗauke su bisa zahirinsu, ko dai ya ɓata, ko kuma ya kafirta mai su. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Wanda ya san ba ta komawa, shi ya fi cancanta ya tace ta kafin ta fita, ya kuma shata wa kowace kalma iyakarta.

Alƙawuran da ya ɗauka wa kansa

Littafin da ya fi bayyana matsayinsa shi ne Al-Uhud wa al-Mawathiƙ, wanda ya rubuta tsakanin 1855 da 1856, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Jerin alƙawura ne da ya ɗaure kansa da su, kuma masana suna kallonsa a matsayin amsa ga masu zarginsa saboda shagaltuwa da ilmomin falsafa.

A alƙawarin farko ya bayyana cewa aƙidarsa a kan ayoyin Alƙur'ani ya gina ta, bai gina ta a kan hujjojin hankali ko ƙa'idojin malaman kalam ba. Idan aka tambaye shi dalilin cewa duniya halitta ce, zai amsa da aya, duk da cewa ya san amsar da masu kalam suke bayarwa ciki da bai. Dalilinsa shi ne, iyakar abin da hankali zai iya tabbatarwa shi ne akwai Mahalicci mai siffofi kaza da kaza. Haƙiƙanin ZatinSa kuwa ya fi ƙarfin tunani, kuma cikakken yaƙini a nan daga wahayi yake zuwa.

Mai karatu zai iya zaton cewa daga nan sai ya rufe ƙofar tunani. Amma a wani alƙawarin ya ɗaure kansa da zurfafa nazari cikin halittu, da yadda sashensu yake tasiri a kan sashe, da kuma amfana da abin da masu bincike suka gano, ba tare da ya bari hakan ya shagaltar da shi daga Wanda ya yi su ba. Ya kuma yi alƙawarin auna duk abin da ya fahimta da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna.

Larabawa sun ciro sunan hankali daga tushe ɗaya da sunan igiyar da ake ɗaure raƙumi, abin da zai tuna wa Bahaushe akala. Akala tana hana raƙumi bauɗewa, tana kuma miƙa shi hanya, amma ba ita ce garin da za a je ba. Kusan haka Ɗan Tafa ya riƙi hankali. Ya yarda cewa hankali ke gani, ido gululu ne, ya kuma yarda cewa shi ma hankalin yana da inda ganinsa yake tsayawa. Bambancinsa da mai tsine wa falsafa daga nesa shi ne, shi ya taka har bakin iyakar kafin ya ce ga ta nan.

Akwai alƙawari guda da ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan Tafa ya ce ba zai kira mutane zuwa ga abin da ya koya na falsafa da ilmin ɗabi'o'i ba, duk da cewa daga malamai ya karɓe su, ya kuma zubar da kurakuran da ke cikinsu. Tsoronsa shi ne kada wani ya ɓata ta dalilinsa, alhakin ya dawo kansa. Abin da zai kira jama'a gare shi shi ne Alƙur'ani da Sunna da fiƙihu da sufanci. Wannan tausayi ne irin wanda ya gada daga kakansa, amma yana da farashi. Ilmin da aka killace a tsakanin mutane ƙalilan, rayuwarsa tana rataye ne a wuyan waɗannan ƙalilan da takardun da ke cikin gafakarsu.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa ya rasu a 1864, yana da kimanin shekara 60, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku. Bayan shekara talatin da 'yan kai, a ƙarshen ƙarni na 19, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899, ta ƙone Salame, aka yi asarar littattafai masu yawa. Abin da ya tsira daga ayyukansa ya tsira ne saboda kwafe-kwafen da almajirai suka yi da hannu, waɗanda wasunsu suke ajiye a ɗakunan adana rubuce-rubuce na Arewa da na jami'o'i. Mafi yawansu har yanzu ba su isa hannun mai karanta Hausa ba. Wannan aiki ne da ke jiran hukumomin adana kayan tarihi da sassan nazarin Larabci da falsafa na jami'o'inmu.

Zamaninmu ya cika da mutane iri biyu da Ɗan Tafa zai gane su nan take. Akwai wanda da ya ji kalmar falsafa sai ya toshe kunne, akwai kuma wanda ya karanta littafi biyu ya ɗauka babu abin da ya gagari tunaninsa. Dukansu suna haɗuwa a kafafen sada zumunta suna yanke wa imanin juna hukunci da 'yan kalmomin da ba su tsaya sun tantance ma'anarsu ba. Ma'aikacin da sana'arsa rubuta takarda ce da tsara jawabi ya san wani abu makamancin wannan daga teburinsa: rahoto yana iya fita tsaf babu kuskure, alhali halin da mutanen da ake magana a kansu suke ciki bai shiga cikinsa ba. Malamin Salame ya bar misalin mutumin da ya yi aiki da hankalinsa iyakar iyawa, ya tsare harshensa, ya kuma san wurin da ya kamata ya yi shiru.

Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya amfanar da mu da ilminsa.